Gyaran Wuƙar Aljihu Bayan Ta Dawo Daga Hannun 'Yan Aro

Ranar babbar sallar bara muna tsakar gida ana fiɗar rago na biyu, sai kawuna ya miƙo hannu ko ɗago kai bai yi ba. "Kai, ba ni 'yar wuƙar nan taka." Na zaro na ba shi. Wa zai hana kawu abu, kuma a gaban jama'a? Ban sake ganinta ba sai bayan la'asar, a hannun wani ƙanena. Kafin nan ta sari haƙarƙari, an shiga da ita kicin an huda gwangwanin tumatir, wani yaro kuma ya kwance notin soket da tsininta. Da na buɗe ta a hasken rana sai na ga giɓi biyu a tsakiyar bakin, tsinin ya ɓalle kamar tsawon ƙwayar shinkafa, ragowar bakin kuma sai ƙyalli yake yi.

Opinel ce lamba 8, wadda wani abokina ya kawo min tsaraba, irin mai ƙotar katako da ake ƙerawa a yankin Savoie na Faransa tun 1890. Ba wata mai tsada ba ce can, amma na saba da ita. Awa ɗaya da 'yan mintoci na yi a kanta washegari, ta koma tana aske gashin hannu. Ga yadda na bi da ita, kuma haka za ka bi da taka ko wace iri ce.

Kafin nan bari in wanke kawu. Shi wuƙar maƙera ya sani, mai kauri, wadda in ta dakushe sai a goga ta a dutse ko a dakalin siminti sau biyar a ci gaba da aiki. Ita wannan tana jure wulaƙanci. Wuƙar aljihu kuwa siririya ce, ƙarfenta ya sha horo a wuta har ya yi tauri, kuma ainihin wurin da ke yanka ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Akwai ma'aunin taurin ƙarfe da ake kira Rockwell. Wuƙaƙen Victorinox na Suwizalan, masu jar ƙota da farin kuros, suna wajen 56 a wannan ma'auni, masu tsada kuma sukan kai 60 ko su wuce. Ƙarfe mai ɗan laushi in ya haɗu da abin da ya fi ƙarfinsa lanƙwashewa yake yi. Mai tsananin tauri ya fi daɗewa da kaifi, amma gautsi gare shi, ɓantarewa yake yi. Don haka kada ka ɗauka tsadar wuƙa za ta cece ta a hannun ɗan aro. Sau da yawa mai tsadar ce ma ta fi jin jiki.

Mataki na farko: wanke ta, ka karanta ɓarnar

Kada ka kai ta kan dutse da maiƙo da jini a jiki. Wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, ka sa tsohon burushin haƙori ka shiga lungun da take naɗewa, ka goge ta tas. In ƙotar katako ce kada ka jiƙa ta cikin ruwa, domin katako kumbura yake yi ya riƙe wuƙar ta ƙi buɗuwa.

Sai ka fita rana ko ka kunna tocila, ka juya bakin yana kallon sama, ka dube shi ta tsaye. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske, ba za ka ma gan shi ba. Duk inda ka ga ɗan farin layi yana ƙyalli, nan ya mutu. Daga nan ka ɗora farcen babban yatsa a gefen wuƙar, ka ja shi a hankali daga baya ya zarce ta kan bakin, ta wannan gefe sannan ta wancan. In farcen ya sarƙe a gefe ɗaya kawai, bakin ya kwanta ne zuwa can. Wannan aikin faranti ne ko tiren ƙarfe ko tayil, wato an yanka abu a kansu. Tangaran da gilashi da yashi duk suna cin ƙarfen wuƙa. Giɓi kuwa aikin ƙashi ne, ko waya, ko ƙusa, ko gwangwani. Karyewar tsini kusan kullum ɓanɓare abu ne ya jawo ta: murfin fenti, noti, bayan wayar salula. In bakin bai yi giɓi ba bai kwanta ba, ya dai daina ci, to kwali ne ko igiya mai ƙasa ko rake da ba a wanke ba.

Akwai ɓarna ɗaya da ya kamata ka nema tun yanzu, kada ka ɓata lokacinka a banza. Duba launin ƙarfen. In ka ga ya yi ruwan ɗorawa, ko ruwan ƙasa, ko shuɗi, musamman wajen tsini, to ta sha zafi. Ko dai an kai ta wurin mai injin wasa wuƙa, ko kuma wani ya tura ta cikin garwashi don ya liƙe silifas da ya tsinke ko ya huda jarka. Horon ƙarshe da ake yi wa irin wannan ƙarfe bayan an taurara shi ana yin sa ne a zafin da bai wuce wajen digiri 200 ba, shuɗin launi kuma sai zafi ya kai wajen digiri 300 yake fitowa a irin ƙarfen da ke iya yin tsatsa. Wurin da ya kai haka ya saki, ko ka wasa shi ba zai riƙe kaifi ba. In a ɗan gefen baki ne kawai abin ya tsaya, za ka iya cinye wurin da dutse har ka isa lafiyayyen ƙarfe. In kuwa rabin wuƙar ne ya shiga wuta, ka haƙura, ka mayar da ita ta yankan igiya.

(Kada a rikita wannan da baƙi-baƙin da albasa ko lemun tsami ke bari a wuƙar da ƙarfenta ke iya yin tsatsa. Wannan ba lahani ba ne, yana ma ɗan kare ta. A Opinel za ka ga an buga Carbone a jikin mai yin tsatsa, Inox a jikin wadda ba ta yin tsatsa.)

Mataki na biyu: kayan aiki

Dutsen wasa wuƙa mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi, irin wanda ake samu wurin masu kayan gini, ya wadatar. In babu, je wurin masu sayar da kayan fentin mota ka sayi sanfefar da ake gogawa da ruwa, lamba 240 ko 320, da 600, da 1000 ko 1200. Yadda lambar ke hawa haka laushin ke ƙaruwa. Ka jiƙa ta ka shimfiɗa a kan gilashi ko tayil mai santsi, ta zama dutse. Sai alƙalamin maka baƙi, da tsohon bel na fata, da tsumma, da ruwa a kofi.

Ka jiƙa dutsen har ya daina fitar da kumfa, ka ɗora shi a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. Da ruwa nake aiki ni, da ɗigon sabulu. In an taɓa sa wa dutsen mai, to ka ci gaba da mai, don ruwa ba zai ƙara shigarsa ba. In tsakiyarsa ya zurma saboda daɗewa, ka goge shi a shimfiɗaɗɗen siminti da ruwa har ya daidaita, domin dutse mai kwari ba ya ba da miƙaƙƙen baki.

Masu yawo da injin wasa wuƙa kuwa, ka ba su adda da gatari da manyan wuƙaƙen fawa. Wuƙar aljihu a'a. Cikin daƙiƙa goma injin zai cinye abin da za ka yi shekaru kana wasawa, ga zafin da na ambata.

Mataki na uku: giɓi

A nan ne mutane ke zarce gona da iri. Don ka kawar da giɓi dole ka rage duk tsawon bakin har ya sauko daidai da gindin giɓin, kuma ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa. Saboda haka in giɓin ƙanƙane ne, wanda sai farce ke jin sa, ni ƙyale shi nake yi. Wasawa biyu ko uku nan gaba zai ɓace da kansa.

In kuwa ido na ganinsa sarai, ga yadda ake yi. Ka ja layi da maka a tsawon wuƙar daidai zurfin giɓin, kana bin lanƙwasar bakin. Ka tsayar da wuƙar a kan fuska mai kaushi kamar za ka yanka dutsen, ka riƙa goga ta gaba da baya, kana ɗan ɗaga ƙota in ka zo wajen tsini don siffarta kada ta lalace. Zuciyarka za ta ce maka kana kashe wuƙa ne, kuma gaskiya ne, kashe bakin kake yi gaba ɗaya. Ka riƙa dubawa duk bayan goguwa goma. Da giɓin ya ɓace ka tsaya. Yanzu kana da baki miƙaƙƙe amma dakusasshe, mai faɗin da ido ke gani.

Mataki na huɗu: fitar da sabon baki

Nan ne aikin yake, kuma sirrinsa ɗaya ne: hannu ya riƙe karkata ɗaya daga farko har ƙarshe. Wuƙar aljihu tana son kusurwar digiri 15 zuwa 20 a kowane gefe. In ka san za ta riƙa shiga hannun mutane, ka zaɓi 20, ya fi jure wahala. Yadda za ka gane ta ba tare da wani ma'auni ba: tsayar da wuƙar cak a kan dutse, digiri 90 ke nan. Kwantar da ita rabi, 45. Sake kwantar da ita rabin wannan, ka zo 22 da rabi. Ƙara sassautawa kaɗan, ka iso. In kana son lissafi, wuƙar da faɗinta ya kai santimita 2, bayanta zai tashi daga kan dutse da kamar milimita 7.

Yanzu ɗauko makar nan ka shafe ɗan gangaren bakin da baƙi, gefe da gefe. Goga sau uku a dutse ka duba. In tawadar ta goge a can sama ta bar ta bakin, ka kwantar da wuƙar da yawa, ɗaga bayanta kaɗan. In a ƙarshen bakin kaɗai ta goge, ka ɗaga da yawa. In ta goge duka, hannunka ya samu wurin zama. Wannan dabarar ta maka ita ce ta raba ni da shekarun da na yi ina goga wuƙa a dutse ina mamakin me ya sa ba ta ci.

Riƙe ƙota da hannu ɗaya, ɗora yatsu biyu ko uku na ɗaya hannun a kan jikin wuƙar, nesa da bakin. Tura ta gaba kamar mai son feƙe ɗan siririn ɓawo daga kan dutsen, kana jan ta daga gindi zuwa tsini. Wuyan hannu kada ya motsa, kafaɗa da gwiwar hannu su yi tafiyar. Kada ka danna da ƙarfi, nauyin da za ka sa ka matsa tumatir ba tare da ya fashe ba ya isa.

Kada ka juya gefe tukuna, kuma kada ka damu da ƙirga. Abin da kake jira shi ne leɓe. In dutse ya ci gefe ɗaya har ya isa ainihin bakin, wani siririn ƙarfe yakan lanƙwaso zuwa ɗaya gefen, kamar leɓen gwangwanin da aka buɗe amma ƙarami ƙwarai. Za ka ji shi in ka shafa yatsa daga bayan wuƙa zuwa bakin, a gefen da ba ya kan dutse. A gicciye ake shafawa, kada ka kuskura ka bi tsawon bakin da yatsa. Sai ka ji leɓen nan tun daga gindi har tsini, babu inda ya tsallake, sannan ka juya. Wurare biyu ne sukan yi gardama, dab da ƙota da kuma lanƙwasar kusa da tsini. Ka ba su haƙƙinsu. In wuƙar da ka kashe wa baki ce a mataki na uku, wannan zai iya cin minti ashirin ko fiye, kuma yana da kyau ka riƙa sauya gefe lokaci-lokaci don bakin ya zauna a tsakiya. Ka yi wa ɗaya gefen haka har leɓen ya koma wancan ɓangaren.

Mafi yawan masu cewa sun wasa wuƙa ta ƙi kaifi, ba su kai ga leɓen ba ne suka gaji suka koma fuska mai laushi. Dutse mai laushi ba ya ƙirƙiro kaifi, wanda mai kaushi ya fitar yake gyarawa.

Mataki na biyar: cire leɓen

Juya dutsen zuwa fuska mai laushi, ko ka sauya sanfefa zuwa 600 sannan 1000. Karkatar nan dai ita ce. Goma a wannan gefe, goma a wancan, sai biyar-biyar, sai ɗaya-ɗaya, kana rage nauyin hannu har ya zama wuƙar ce kawai ke shafar dutse. In ka bar leɓen, wuƙar za ta yi kamar tana da kaifi, yanka biyu sai ya kwanta ta koma gidan jiya.

Ƙarshe sai fata, yadda wanzami ke yi wa askarsa. Rataya bel a ƙusa ka ja shi ya miƙe, ko ka shimfiɗa shi a kan benci. A nan baya-baya ake ja, bayan wuƙa a gaba, bakin yana bin sa, in ba haka ba ka yanke bel ɗin. Sau goma sha biyar kowane gefe. In ka kai ƙarshe ka ɗaga ta sannan ka juya, kada ka murɗa ta a kan fatar.

Gwaji: riƙe takarda a iska ka yanka ta tun daga gindin wuƙa har tsini. Inda ta sarƙe, akwai sauran aiki a wurin. Nunannen tumatir ma alƙali ne mai adalci, in wuƙa ta shige fatarsa ba tare da ka danna ba, ta yi.

Wuƙar da bakinta ya kwanta kawai, ba giɓi, ba ta buƙatar duk wannan. Kifa kofin tangaran, za ka ga wani zobe mai kaushi a gindinsa inda ba a shafa masa santsi ba. Goga ta a nan sau shida-shida, ka bi da fata, shi ke nan.

Tsinin da ya karye

Kuskuren da ake yi shi ne a ci bakin ana ɗaga shi sama har ya haɗu da baya. In ka yi haka, ranar da ka naɗe wuƙar za ka tarar tsinin ya leƙo waje daga cikin ƙota, yana jiran yatsanka a aljihu. Ta baya ake gyarawa. Kifa wuƙar, bayanta a kan dutse mai kaushi, ka riƙa cin wajen ƙarshen kana sauko da shi har ya haɗu da bakin a sabon tsini. Za ta ɗan gajarce, siffarta ta ɗan sauya, ba komai.

Hattara a nan. Danna bayan wuƙa shi ne ainihin abin da ke rufe ta. In mai makulli ce ka tabbata ka kulle, kamar zoben nan na Opinel da ake murɗawa, wanda suka ƙara mata a 1955. In ba ta da makulli, kamar yawancin ƙananan Victorinox, ka naɗe bakin da salatif, ka riƙe ta yadda babu yatsa ko ɗaya a kan ramin da take komawa. Shi ya sa ma ya fi kyau a gyara tsini kafin a fitar da kaifi.

In ɗan aro ya yi ɓanɓare da ita har tana girgiɗi a mahaɗa, duba ko noti ne ya riƙe ta. In shi ne, ɗaure shi kaɗan-kaɗan kana gwada buɗewa. In ƙusa ce da aka dakan wa kai, ɗora ta a kan ƙarfe ka ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, sau ɗaya ka gwada, sau ɗaya ka gwada. Sai ɗigon man keken ɗinki a mahaɗar. Man gyaɗa kada ya shiga nan, daskarewa yake yi ya yi danƙo ya tara ƙura.

To, da masu aron fa?

Ba za ka daina bayarwa ba, kada ma ka yaudari kanka. Mutumin da ya hana yayansa ko surukinsa aron wuƙa, sunan da zai samu a dangi ya fi giɓin ciwo. Abin da ya yi min aiki shi ne tambaya ɗaya kafin in sa hannu a aljihu: "Me za a yanka?" Rabin lokaci amsar ba yanka ba ce. Noti ne, ko waya, ko murfi. Sai in ce bari in kawo abin da ya fi, in ɗauko sukundireba ko filaya. In babba ne, ba a yi masa tambayar da za ta zama kamar tuhuma. Tashi za ka yi ka ce, "Kawu, kawo in yanka maka." Ka tsare wuƙarka, kuma an ce kana da ladabi. Aboki kuwa faɗa masa kai tsaye: ban da ƙashi, ban da ƙarfe, ban da wuta, kuma ta dawo hannuna ba ta hannun wani ba. Wannan na ƙarshen ya fi sauran muhimmanci, don ɓarnar takan faru ne a hannu na uku, wanda bai san mai ita ba. Yara ƙanana kam ba a ba su.

Na kuma ajiye wata ta musamman don aro, mai araha, mai kaurin baki. Irin Okapi ta dace da wannan aiki. An fara ƙera ta a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Ƙarfenta ba shi da tsananin tauri, minti biyu a dutse ta dawo.

Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga dalilin da ya sa kowa ke neman tawa: ita kaɗai ce mai kaifi a gidan. Wuƙaƙen kicin duk sun mutu, mabuɗin gwangwani ya ɓace tun bikin ƙanwata. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka bana tun saura kwana uku sallah na tattaro wuƙaƙen gidan kaf, guda bakwai, na zauna a kansu da yamma. Dama umarnin Manzon Allah (SAW) ne a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Na sayo katakon yanka na kai kicin, da sabon mabuɗin gwangwani da na ɗaure da igiya a jikin ƙusa. Na kuma sayo babbar wuƙar maƙera mai kube, na fitar mata da baki na ajiye a kusa.

Da aka kayar da rago kawu ya miƙo hannu kamar bara, sai na ɗora masa ita. Ya juya ta, ya shafa babban yatsa a gicciyen bakin, ya dube ni. "Wa ya wasa wannan?" Na ce ni ne, Kawu. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da fiɗa. Da zai tafi da yamma na ga ya mayar da ita kube ya soke a aljihun babbar riga, har yau ba ta dawo ba.